Igiyar Rayyis Hamdan

Shekara uku da rabi na yi a Alƙahira ban taɓa tsoma ko yatsa cikin Nilu ba. Ni kuwa ɗan Yawuri ne, daga ƙofar gidanmu ana jin hayaniyar kwata, babana matuƙin jirgi ne, kakana ma a kan ruwa ya tsufa. Amma a Alƙahira kogi ba na kowa ba ne. An katange shi da otal-otal da shingen ƙarfe, talaka sai dai ya hango shi ta tagar mota lokacin da ake haye gada. Duk ranar da na hango shi sai raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushin ba.

A unguwar Madinat Nasr na fara zama, mu shida a gida ɗaya, duk ɗalibai, ni ina karatun Shari'a. Ina gab da shiga shekarar ƙarshe, ɗan tallafin da ake turo mana daga gida ya tsaya cak. In mun buga waya sai a ce fayil ɗinmu yana kan tebur. Wane tebur ne, oho. Har na gama karatun ban ji an ɗaga shi ba.

Na tattara komatsaina na koma unguwar Faisal, ɗaki ɗaya mu huɗu, tagarmu tana kallon bangon maƙwabci. Wata biyu muka yi mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure, mu fita kafin Juma'a. Bayan mako ɗaya na bi ta layin na ga wasu baƙi irinmu suna shanya a barandar, ba ango ba amarya.

Wani Bahaushen Sudan mai sayar da shayi a Ataba ne ya ji labarina. Da ya ji ni ɗan bakin ruwa ne, sai ya haɗa ni da wani Hajj Fathi, mai jiragen dakon kaya, wanda ke neman mai gadi. Albashin ba abin faɗa ba ne, amma akwai wurin kwana. Matsala ɗaya ce, takardar zamana, wadda muke kira ikama, ta ɗalibi ce, kuma an buga a jikinta ƙarara cewa ba a yarda in yi aiki ba. Wanda aka kama yana aiki, gida za a mai da shi, ko da gobe ne jarrabawarsa.

Hajj Fathi ya dafa kafaɗata ranar da muka haɗu, hannunsa ɗaya riƙe da carbi. "Ya Shehu Shu'aibu, kai ɗana ne. Babu wanda zai tambaye ka komai. Ka zauna, ka yi karatunka, ka sa ido kada ɓarayi su kwance mini ƙarafa. Khalas, shi ke nan."

Haka na isa bakin Nilu, can kudancin birni wajen Ma'asara, inda babu otal sai ƙura da tarin duwatsu.

Jirgin da suke kira sandal wani dogon kwano ne na ƙarfe, mai faɗin ciki, da ake loda wa dutse ko hatsi. Hajj Fathi yana da biyu da ba sa aiki, an ɗaure su kafaɗa da kafaɗa a bakin gaɓa suna jiran gyara. A ɗan ɗakin matuƙi na na waje nake kwana. A bangon ɗakin an manna wata takarda cikin leda, mai hatimi uku. Ita ce tasrihi, wato izinin ɗaure jirgi a wurin.

Maƙwabcina Ammu Sayyid, wato Baffa Sayyid, mai gadin jiragen da ke gaba da namu, shi ya karantar da ni ita. Dattijo ne siriri, bai iya karatu sosai ba, amma ya haddace dokar ruwa fiye da yadda na haddace littattafaina. Ya ce jirgin da ya tsaya na ɗan lokaci don lodi ko sauke kaya, sunan tsayuwarsa rusuw, kuma izininsa daban. Wanda aka ajiye ba ya aiki, irin namu, sunan zamansa takhzin, izininsa ma daban. Takardarmu ta ce sahu biyu, wato jirage biyu kacal ke iya jeruwa daga gaɓa zuwa cikin ruwa. Ya nuna mini wasu duro-duro masu fenti suna iyo a tsakiyar kogi, ya ce tsakaninsu ita ce majra, hanyar da jirage ke bi, kuma ko jelar jirginka ta leƙa cikinta ka shiga uku.

Na yi dariya na ce, "Ammu, a garinmu in ka iso kwata, inda ka ga wuri nan za ka ɗaure. In babu wuri ka ɗaure a jikin na ɗan'uwanka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Nan ba garinku ba ne, ya ibni, ɗana. Nan ruwa ma da takarda yake gudu."

Na ɗauke ta hira ce ta tsofaffi. Abin da na taso na gani daban ne. A Yawuri za ka iya gaba da mutum shekara goma, ko gaisuwa ba ta haɗa ku, amma ranar da ya jefo maka igiya daga kan ruwa sai ka cafe. Ba a tambayar ko wane ne, ba a tsayawa shawara. Na taɓa ganin babana ya bar kwanon tuwo ya faɗa ruwa har ƙirji don kama igiyar wani da suka yi shari'ar gona da shi. Da suka ɗaure jirgin, kowa ya kama gabansa ba tare da ya ce wa ɗan'uwansa uffan ba. Wannan ba a ma kiransa kirki a wurinmu, aiki ne kawai.

Wata uku na yi lafiya lau. Da safe in hau jirgin ƙasa zuwa makaranta, da azahar in dawo in baje littattafai a kan murfin sandal. Sanyi ya shigo, irin sanyin Masar mai shiga ƙashi, ruwan kogi ya ja baya har tsibiran yashi suka fito. Saura kwana tara mu fara jarrabawar zangon farko na shekarar ƙarshe. Wanda ya rasa ta, shekarar ta tafi.

Ranar Talata bayan la'asar ina bitar babin gado sai na ji ihu daga kudu. Na ɗaga kai na ga wani sandal shaƙe da farin dutse yana gangarowa a karkace, babu ƙarar inji, babu hayaƙi. Injin ya mutu, ruwa ne ke tafiya da shi. A ƙasa da mu kuwa akwai gada, kuma duk wanda ya san ruwa ya san abin da ke faruwa in jirgi mai lodi ya daki ƙafar gada da gefensa. Mutum uku ne a kai. Biyu suna kokawa da anga da ta ƙi kama ƙasa, na ukun, wani ƙaton dattijo mai rawani da riga mai faɗin hannu irin ta mutanen kudancin Masar, yana tsaye a goshin jirgin da naɗin igiya.

Ya fara jefa wa Ammu Sayyid, don su ya fara isa. Igiyar ta faɗi a gabansa, tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba. Da idona na ga Ammu Sayyid ya mai da hannuwansa baya ya ja gefe, igiyar ta zame ta koma ruwa.

Dattijon ya janyo ta da sauri, ya sake naɗewa, ya jefo mini.

Ban yi tunanin komai ba, kada in yi wa kaina ƙaryar jarumta. Hannuna ne ya cafe. Na ruga na zagaya ta a turken ƙarfen da ke goshin sandal ɗinmu, ina jin Ammu Sayyid yana ƙwala mini kira, "Sake ta! Sake ta, ya majnun, mahaukaci!" Da nauyin jirgin ya hau kanta, igiyar ta fizge ta ratsa tafin hannuwana ta tafi da fata. Na ƙara zagaye biyu, na yi ƙullin da babana ya koya mini. Ƙarfe ya yi kuka, jiragenmu biyu suka girgiza, sannan baƙon ya juyo a hankali ya kwanta a jikin namu. Ya zama sahu na uku, jelarsa kuma ta miƙe har ta wuce duro mai fenti.

Dattijon ya tsallako da ƙyar, yana jan ƙafa ɗaya. Ya kama kaina da hannu biyu ya sumbaci goshina. Sunansa Rayyis Hamdan, rayyis kuwa shi ne shugaban matuƙa. Ya duba hannuwana ya girgiza kai, ya sa aka kawo man zaitun ya zuba, ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure mini su. Suka fito da burodinsu mai kauri da cuku mai gishiri, muka ci tare kafin magariba. Ya tambaye ni garinmu, na ce Nijeriya, bakin wani kogi da ake kira Kwara. Ya ce, "Ai na sani. Ɗan birni ba ya kama igiya haka." Tun da na zo ƙasar, ranar ce ta farko da na ji wani ya gane ni.

Ammu Sayyid ya ƙi cin abincin. Ya ja ni gefe, fuskarsa a murtuke.

Na riga shi magana, don ina cike da shi. "Ammu, ka ji tsoron Allah. Mutum uku za su mutu, ka mai da hannu baya?"

"Kai ne za ka koya mini tsoron Allah? Shekara talatin ina kan ruwan nan. Saurara, ya ibni. Jirgin da ruwa ke tafiya da shi, a takarda sunansa hatsari. Hatsari ba laifin kowa ba ne. Amma da zarar igiya ta hau turke, ya tashi daga hatsari ya koma rusuw ba da izini ba, a wurin da aka ba da don takhzin, a sahu na uku, da jela cikin majra. Laifi huɗu ke nan ka ƙulla da hannunka."

"Da ya daki gadar fa?"

"Da sun rubuta ƙaddara, su yi wa iyalansu ta'aziyya."

Na tsaya ina kallonsa cikin fushi. Ashe akwai ƙasar da mutuwa ke da gurbi a takarda amma ceto ba shi da shi. Na san akwai dalilin kafa dokar, ban ce babu ba, jirgin da ya tare hanya yana iya kashe wasu. Amma wanda ya zauna ya tsara kalmomin nan, ya raba rusuw da takhzin, ya ƙirga sahu, bai bar ko layi ɗaya ba ga mutumin da injinsa ya mutu sama da gada. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Ammu Sayyid ba mugu ba ne. Shi ke ba ni shayi kullum. Takarda ce ta koya masa mai da hannu baya.

Gyaran injin ya gagara a ranar, jirgin da zai ja su kuma aka ce sai jibi. Da hantsi washegari muka hango kwale-kwalen jami'an ruwa yana nufo mu. Rayyis Hamdan ya dube shi, ya dube ni. Ya tsallako zuwa turkenmu. Da ma sun ƙara wasu igiyoyi a daren, don haka ya kwance tawa, ya warware ƙullin Yawuri, ya sake ɗaure ta irin nasu. A lokacin ban gane dalili ba.

Kusan tare suka iso da Hajj Fathi, wanda ya faka motarsa a kan gaɓa ya gangaro yana haki. Kafin jami'in ya hau, Hajj Fathi ya damƙi hannun rigata ya kai bakinsa kunnena. Babu sauran "ɗana".

"In ka ce kai ka ɗaure, za su tambaye ka a matsayin wa. In ka ce mai gadina ne, izinin wurina ya tafi, ni kuma in ce ban taɓa ɗaukarka aiki ba. Ko su yarda da ni ko kada su yarda, kai dai kafin sati kana filin jirgi. Ka gane?"

Na gane sarai. Na tura hannuwana cikin aljihun rigar sanyi.

Jami'in matashi ne, mai tsabta, ba ya ɗaga murya. Ya karanta takardar da ke bango, ya sa aka auna yadda jelar baƙon ta shiga hanya, ya buɗe littafin rahoto a kan murfin sandal. Ya nuna ni da biro.

"Wannan fa?"

Hajj Fathi ya yi murmushi har kunne. "Ɗalibi ne, ya basha, ranka ya daɗe, baƙon Allah. Ba shi da wurin karatu, na ce ya riƙa zuwa nan yana shan iska, fisabilillahi. Ba ma'aikaci ba ne."

Na miƙa ikamata da yatsu biyu, ya duba ya mayar mini.

"To wa ya karɓi igiyar?"

"Ni na ɗaure, ya basha." Rayyis Hamdan ne. "Babu wanda ya karɓa. Da muka matso na yi tsalle na hau nan da igiyata, na ɗaure. Ga ƙullina nan, a duba."

Jami'in ya dubi ƙullin, ya dubi ƙafar da dattijon ke ja. "Kai ka yi tsalle, ya Rayyis?"

"Tsoro yana sa gurgu tsalle, ya basha."

"Ka san abin da wannan ke nufi? Zan karɓi lasisinka yau. Sai an zauna a kan maganarka, ban kuma san ranar zaman ba."

"Na sani."

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Rayyis Hamdan ya juyo ya watso mini wani kallo irin wanda uba ke yi wa ɗa a gaban baƙi, na rufe shi. Ina so in ce kallon ne ya rufe mini baki. Amma na san kwana takwas ɗin da suka rage su ne suka rufe shi, da shekara huɗun da na ci wahala, da hoton kaina ina sauka a tashar motar Yawuri da jaka ba takarda.

Jami'in ya gama rubutu ya ce rahoton yana buƙatar shaida. Ammu Sayyid ya ce shi yana sallah lokacin, bai ga komai ba. Ma'aikatan Rayyis ba za su yi ba, don abin ya shafe su. Hajj Fathi ya tura ni gaba da tafin hannunsa. "Ga mai karatun Shari'a, ya basha. Wa ya fi shi cancanta?"

Aka karanta mini. Wai ni, wane ɗan wane, na ga shugaban jirgi kaza ya ɗaure jirginsa da kansa a wurin da ba shi da izini, ba tare da yardar kowa ba. Jami'in ya miƙo biro. Dole na fito da hannuna. Ƙyallen rawanin ya jiƙe ya manne, jini ya keto ta tsakiyar tafin, a miƙe, daidai faɗin igiya.

Jami'in ya kalli hannun ya daɗe. Ya kalli kan Rayyis Hamdan, inda gefen rawanin yake a yage. Duk wanda ke wurin ya san abin da ya gani. Na ji wani sanyi a raina, na ce shi ke nan, gaskiya ta fito da kanta, a mai da ni gidan in huta.

Ya ce, "Sa hannu a nan, ya Shehu. Yalla, maza, muna da aiki."

Na sa.

Hajj Fathi ya jira kwale-kwalen ya yi nisa, sannan ya ce in tattara littattafaina kafin azahar, shi ba zai ajiye mahaukaci a kan dukiyarsa ba.  Na tsallaka wurin Rayyis Hamdan na durƙusa, na fashe da kuka, ƙato da ni.

Ya ce, "Tashi, ya waladi, yarona, abin kunya ne. Kai ka kama mini igiya, ni na kama maka alƙalami. Je ka ci jarrabawarka."

A ƙasan ɗakin wasu 'yan Maraɗi na kwana har na gama jarrabawar, ina riƙe biro da hannu a naɗe. Na ci. Ranar da na fito daga ta ƙarshe ko gida ban biya ba, na sayi shayi da sukari da sabon rawani na hau jirgin ƙasa zuwa Ma'asara.

Sahu biyu na tarar, tsaf yadda takarda ta ce. Ammu Sayyid ya ce an ja sandal ɗin tun tuni. Mai jirgin ya ce ba zai ciyar da matuƙin da ba shi da lasisi ba, ya sallami Rayyis Hamdan ya ɗauki wani. Dattijon ya koma kudu.

"Wane gari?"

"Kudu dai, ya ibni. Kudu da faɗi."

"Sunan mahaifinsa fa? Ko lambar waya?"

"Yana cikin rahoton da ka sa wa hannu. Ba ka karanta ba?"

An karanta mini shi, da kunnena na ji cikakken sunansa. Amma a lokacin sunana kawai nake saurare.

Yau ina koyarwa a gida, ana ce mini Ustazu, ana tashi in na shigo. A wani ofishi a Alƙahira kuwa akwai fayil da ya ce Rayyis Hamdan mai laifi ne, kuma an samu shaida adali, mai karatun Shari'a, da ya tabbatar. Har yanzu ina fushi da Hajj Fathi, da jami'in, da wanda ya tsara kalmomin takardar nan. Amma a cikinsu duka babu wanda ya ci burodin mutumin. Ni na ci.